HANCIN DA YA ƘI JIN MAGANI: YAUSHE A KE KAI SHI GA WUƘAR LIKITA?

Wannan ita ce laccar da Akawun Jam'iyya na reshen Fagge ya yi wa 'yan Kasuwar Sabon Gari da yamma, bayan an rufe rumfuna. Mun buga ta duka saboda waɗanda ba su sami zuwa ba.

 Mun san kun wuni a tsaye, saboda haka ba za mu yi ta kewaye-kewaye ba.

Tun da hunturu ya kama, da wuya mu buɗe ofis ba mu ga wani ya shigo da hankici a hannu ba, idanu jawur, yana magana ta hanci. Waɗansu su kan zo da takardar asibiti mu karanta musu, gama aikin akawu ke nan. A cikin takardun nan mun ga waɗanda likita ya rubuta cewa a yi wa mutum aiki a hanci. Wani da ya ji kalmar aiki sai ya tsorata, ya ninke takarda ya sa aljihu, bai ƙara komawa ba. Wani kuwa nan da nan ya shiga neman wanda zai sayi kayan rumfarsa don ya biya kuɗin aikin, yana zaton daga ranar an raba shi da atishawa har abada. Dukansu biyu sun yi kuskure. Mu dai ba likitoci ba ne, amma mun karanta, mun kuma tambayi masu abin, ga shi mun kawo muku cikin harshen da kowa zai ji.

Maganar duka a taƙaice ita ce: wuƙar likita tana buɗe hanyar numfashi, amma ba ta cire ciwon daga cikin jini. Wanda ya riƙe wannan ba zai ji tsoron aiki ba in ya kama a yi, ba kuma zai sayar da jarinsa a banza ba.

MURA IRI BIYU CE

Akwai murar da kowa ya sani, wadda a ke ɗauka daga wani. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ta kan yi mako guda ko kwana goma ta wuce, ko an sha magani ko ba a sha ba. Ba ita mu ke nufi ba.

Wadda mu ke nufi ita ce mai naci, wadda likitoci su ke kira alaji, mu kuwa bari mu ce borin hanci, tun da ya ke 'yar'uwar borin jini ce. Mai ita ya kan tashi da safe da atishawa a jere, biyar, goma. Hanci yana zubar da ruwa tsararo. Cikin hanci da ganɗa da idanu suna ƙaiƙayi. Da dare hanci ya toshe, mutum ya kwana baki buɗe yana minshari, ya wayi gari a gajiye maƙogwaro a bushe. Ba zazzaɓi, ba kuma ta yaɗuwa, amma ta kan yi wata da watanni, wani ma shekara da shekaru.

Ga yadda abin ya ke. Jikin mutum yana da masu gadi a cikin jini, aikinsu su kama cuta. To, a jikin waɗansu mutane mai gadin ya cika zargi, kamar mai gadin kasuwa wanda ko akuya ce ta gifta sai ya kwarma ihun ɓarawo ya ta da layi duka. Abin da ba ya cutar da kowa, da ya shiga hancin irin wannan mutum sai jiki ya saki wani sinadari mai suna histamin. Shi ne ke kumbura naman hanci, ya kawo ruwa da ƙaiƙayi da atishawa. Abin ya kan bi dangi, ya kan kuma tafi tare da ciwon fuka, watau asma.

Ciwon nan tsoho ne. Likita Abubakar Arrazi na ƙasar Farisa, wanda ya rasu wajen shekara ta 925, ya rubuta 'yar risala a kan dalilin da ya sa mura ke kama wani malami duk lokacin da furen wardi ya buɗe. A 1873 wani likita a Manchesta ta Ingila, Charles Blackley, ya gwada a jikinsa ya nuna garin furen ciyawa ne ke ta da nasa. Kalmar alaji kanta wani likitan yara ne a birnin Biyana ya ƙirƙiro ta a 1906. A 1964 masana a ƙasar Holan suka gano cewa abin da ke cikin ƙurar ɗaki mai ta da ciwon wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani, mai zama cikin katifa da matashin kai da tsofaffin tufafi. A 1966 kuma wani miji da matarsa 'yan Japan, su Ishizaka, da ke aiki a Amurka, suka gano ainihin mai gadin nan mai yawan zargi a cikin jini.

Yanzu ku dubi inda mu ke neman abinci. Mai hatsi yana shaƙar ƙaiƙayi da bununi. Mai gwanjo yana kwance dila mai cike da ƙurar da ta yi watanni a ɗaure. Mai kayan miya yana cikin garin barkono. A cikin sito akwai kyankyaso, kashinsa kuwa yana cikin manyan masu ta da ciwon nan. Da damina bango ya kan yi fumfuna. Ga hayaƙin janareto, ga na masu adaidaita sahu daga Bata har 'Yankura. Daga Nuwamba zuwa Maris kuma iskar hunturu ta kan kwaso mana ƙura tun daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, inda Tafkin Cadi ya taɓa kaiwa a zamanin da kafin ya janye. Hazo da hayaƙi da barkono su kan fusata hancin kowa, amma mai borin hanci shi ya fi shan wuya, domin sun tarar da nama a kumbure.

ABIN DA KE CIKIN HANCI

Kafin mu zo ga wuƙa sai mun san abin da za a yanka. Ku ɗauki hanci kamar shago mai ɗaki biyu. A tsakiya akwai katanga, gabanta guringuntsi, bayanta ƙashi. A bangon kowane ɗaki akwai kanta uku, ta ƙasa da ta tsakiya da ta sama, ƙashi ne siriri an lulluɓe shi da nama mai jini da yawa. Ta ƙasa ita ce babba. Bayan bango kuma akwai sito-sito, watau waɗansu koguna masu iska a cikin ƙashin kunci da na goshi da tsakanin idanu, kowane da 'yar ƙofarsa da ke buɗewa cikin hanci.

Kantocin nan ba ado ba ne. Mutum ya kan shaƙi iska kimanin lita 10,000 a kwana guda, watau cikin jarka 400 mai lita 25. Kantocin su ke ɗumama iskar nan, su jiƙa ta, su tace ƙura kafin ta isa huhu. Su kan kumbura su saɓe bi da bi, shi ya sa ko mai lafiya ya kan ji ƙofar hanci guda ta fi ɗaya buɗewa, bayan 'yan sa'o'i su yi musaya. Wannan ba ciwo ba ne. Amma in bori ya daɗe, kantar ƙasa ta kan yi kauri ta ƙi saɓewa, ta tare hanya kamar mai tebur da ya fito da kayansa tsakiyar layi.

DA GASKE YA ƘI JIN MAGANIN?

Nan ne mu ke so ku kasa kunne ƙwarai. Da yawa daga cikin masu cewa magani ya gaza, in an bincika sai a tarar ba su taɓa yin maganin yadda ya kamata ba.

Na fari, wankin hanci. A tafasa ruwa rabin lita a bar shi ya huce, a sa gishiri ƙaramin cokali guda a shafe, a wanke hanci da shi safe da yamma, musamman bayan an taso daga kasuwa. Masu alwala sun riga sun san shaƙa da fyacewa. Lalle sai an tafasa ruwan, ko da na leda ne.

Na biyu, maganin feshi mai kwantar da kumburi, irin su fulutikason da mometason. Shi ne uban tafiya a maganin wannan ciwo. Amma ba ya aiki nan take. Sai an yi ta fesawa kullum, mako biyu zuwa huɗu, kafin a ga cikakken amfaninsa. Mutanenmu su kan fesa kwana uku su ce ba ya ci, su jefar. Akwai kuma yadda a ke fesawa: a sunkuyar da kai kaɗan, a karkata bakin kwalbar wajen kunne, kada a auna katangar tsakiya, gama yin haka ya kan kawo haɓo.

Na uku, ƙwayoyin kashe ƙaiƙayi da atishawa. Tsofaffin, irin su Piriton, suna sa barci, haɗari ne ga direba da mai aiki da inji. Sababbin, irin su setirizin da loratadin, barcinsu kaɗan ne.

Sa'an nan ga tarko biyu da su ka kama da yawa daga cikinmu. Na ɗaya shi ne maganin ɗigawa ko feshi mai buɗe hanci nan take, wanda a ke yi da zailometazolin ko oksimetazolin. Minti biyar hanci ya buɗe wayam, mutum ya ce ya sami magani. To, an yi shi ne don kwana uku zuwa biyar, iyaka mako guda. In an zarce, da ƙarfinsa ya sake sai nama ya kumbura fiye da da, sai an ƙara ɗigawa. Daga sau biyu a yini a koma sau shida. Mun san ɗan'uwanmu guda a layin 'yan hatsi wanda ya shekara uku kwalba ba ta rabuwa da aljihunsa, har ya fara tara kuɗin aiki. Da ya je asibiti likita ya raba shi da kwalbar ya sa shi a kan feshin kirki. Ya sha wuya mako biyu, bayan nan hanci ya buɗe, ba a taɓa shi da wuƙa ba. Maganin ne ya zama ciwonsa.

Tarko na biyu shi ne ƙwayoyin feredinisolon da deksametason, da allurar irinsu da a ke yi wa mutum duk hunturu. Suna kwantar da ciwon, gaskiya ne. Amma in an daɗe a kansu su kan kawo hawan jini da ciwon sukari, su kumbura fuska, su raunana ƙashi, su ɓata ido. Likita ya kan ba da su na 'yan kwanaki ƙididdigaggu, ba na shekara ba. Kun tuna a Fabrairun 2024 hukumomin magunguna su ka rufe shagunan magani fiye da 1,300 a nan Sabon Gari da kewayenta, a ka ce masu sari su koma Dangwauro. Ko ina shagon ya ke, shawararmu guda ce: kada ku mai da ɗan kemis likitanku a kan ciwon da ya wuce wata guda.

Akwai kuma wata hanya da ta fi kowace kusa da tushen ciwon. A kan ɗiga abubuwan da a ke zargi a fatar hannu, a ɗan tsaga sama-sama, bayan minti goma sha biyar wanda jiki ya ƙi sai ya tashi kamar cizon sauro. In an san abokin gaba, a kan riƙa ba jiki shi kaɗan-kaɗan, ta allura ko a ƙarƙashin harshe, har ya saba. Wani likita a Landan, Leonard Noon, shi ya fara wannan a 1911. Ya kan ɗauki shekara uku zuwa biyar, yana kuma da tsada, amma ku tambayi likita a kansa.

To, in mutum ya yi wanki da feshi da ƙwaya kullum har wata uku ba fashi, ya kauce wa abin da zai iya kaucewa, hanci kuma yana nan a toshe, barci ya gagara, sana'a tana taɓuwa, a nan ne a ke cewa ciwo ya ƙi jin magani, a fara zancen aiki.

AIKI IRI HUƊU

Fiɗar hanci ba baƙon abu ba ne. Likita Azzahrawi na Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana yadda a ke cire tsiro daga hanci, har ya zana kayan aikin a littafinsa. Abin da ya sake a zamaninmu shi ne fitila da madubi. Likitocin birnin Giraz na Ostiriya su ka kyautata aiki da wani siririn bututu mai fitila a baki, daga wajen 1985 ya bazu cikin duniya. Yanzu duk ta ƙofar hanci a ke shiga, ba a tsaga fuska, ba tabo a waje.

Aiki na fari shi ne rage kantar ƙasa, shi ne kuma a ka fi yi wa masu borin hanci. Wani likita ya kan soka siririyar allura mai zafin lantarki cikin naman, ya ƙone shi daga ciki, bayan 'yan makonni ya tsuke. Wannan a kan yi shi ko da an kashe wurin kawai, mutum ya koma gida ran nan. Wani ya kan ɗebe naman ciki da ɗan ƙashin ya bar fatar sama, wannan ya fi daɗewa yana amfani. Abin da a ke samu shi ne numfashi da barci, feshi kuma ya sami hanyar isa ciki. Amma naman ya kan iya sake kumbura bayan 'yan shekaru, musamman ga wanda ya watsar da magani.

Na biyu, miƙe katangar tsakiya. Mutane da yawa katangarsu a karkace ta ke, wani haka a ka haife shi, wani faɗuwa ce ko naushi tun yana yaro. In karkatar ba ta hana numfashi, a bar ta. In ta tare ɗaki guda, ga bori ya kumbura ɗayan, sai a gyara, sau da yawa tare da rage kanta a zama guda.

Na uku, cire tsiro da buɗe sito. Kumburin da ya daɗe ya kan haifar da waɗansu tsirai masu taushi, fari-fari kamar 'ya'yan inabi da a ka ɓare, su cika hanci. Babbar alamarsu mutum ya daina jin ƙanshi da wari. Ku dubi mai sayar da turare ko mai abinci da wannan ya same shi, ai sana'a ta tafi. Tsiron nan ba daji ba ne, amma in ya yi girma feshi ba ya iya shi. Likita ya kan ɗauki hoton ƙashin fuska da na'ura, ya cire tsiron, ya faɗaɗa ƙofofin sito. Aiki ne mai son gwani, domin tsakanin wurin da ido, da tsakaninsa da ƙwaƙwalwa, ƙashi ne kamar takarda. Tsiron kuma ya kan dawo, ya fi dawowa ga masu asma da waɗanda asfirin ke ta da musu fuka. Saboda haka wanki da feshi sai su ci gaba bayan aiki.

Na huɗu, yanke jijiyar da ke ba hanci umurnin zubar da ruwa. Wani likitan Ingila, Golding-Wood, ya bayyana shi a 1961. Ruwa ya kan tsaya, amma da ya ke jijiyar nan ita ke kai saƙo ga hawaye, waɗansu idonsu ya kan bushe. A 1997 likita Kikawada na Japan ya kawo gyara, a riƙa yanke ƙananan rassan da ke bayan hanci kaɗai a bar na ido. Daga 2016 a Amurka a ka yarda da wata na'ura mai daskarar da rassan nan da sanyi ba tare da yanka ba. Wannan aiki na ƙarshe ne, ga wanda ruwa da atishawa su ka addabe shi bayan an gwada kome.

ABIN DA WUƘA BA TA IYAWA

Kun lura a cikin huɗun nan babu wanda ya taɓa mai gadin da ke cikin jini. Yana nan da zarginsa. Wanda a ka yi wa aiki ya koma ya kwance dilar gwanjo ba takunkumi, zai yi atishawa kamar jiya. Duk wanda ya ce muku zai yi aiki ya raba ku da ciwon kwata-kwata, ku riƙe kuɗinku ku nemi shawarar wani likita.

Akwai kuma hasarar da ba ta da gyara. A da likitoci su kan cire kanta gaba ɗaya, a zaton in an kwashe kaya shago zai yi faɗi. Daga baya a ka ga waɗansu cikin mutanen nan hancinsu a buɗe wayam, amma suna kukan iska ba ta isarsu, ciki ya bushe ya yi ɓawo, barci ya ƙaurace. A 1994 likitocin asibitin Mayo a Amurka su ka sa wa abin suna, ma'anarsa ciwon hanci wofi. Dalili kuwa, fatar kanta ita ke jin wucewar iska ta gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ana numfashi. Ba kowa ya ke samu ba, amma wanda ya same shi ya shiga uku, gama naman da a ka yar ba ya tsirowa. Shi ya sa likitan kirki na yau ragewa ya ke yi kaɗan, ya bar saura.

Ban da wannan, kowane aiki yana da nasa haɗari: zubar jini, hujewar katangar tsakiya, mannewar nama da nama, da haɗarin maganin barci. Mai hawan jini, mai sukari, mai sikila, mai shan asfirin kullum, mace mai ciki, lalle su faɗa wa likita tun da wuri. Bayan aiki a kan cusa auduga a hanci kwana ɗaya ko biyu, a hana fyace hanci da ɗaukar kaya mai nauyi mako guda ko biyu, ɓawo kuma ya kan yi makonni kafin ya gama fita. Ɗan dako da mai hatsi su lissafa kwanakin nan cikin kuɗin aiki. In ba na gaggawa ba ne, ku shawarta da likita a zaɓi lokacin da hazo ya kwanta.

WANDA BA ZAI JIRA BA

Duk abin da mu ka faɗa na haƙurin wata uku bai shafi mai waɗannan alamu ba: ƙofar hanci guda kaɗai ce ta toshe ba ta sakewa, majina da jini a kai a kai, kaluluwa a wuya wadda ba ta ciwo ba ta kuma tafiya, kunne guda ya toshe ga babban mutum, ido ya turo ko ana ganin abu biyu-biyu, kunci ya kumbura ko ya mutu. Borin hanci ɗakuna biyu ya ke kamawa. Abin da ya kama gefe guda yana iya zama ciwon daji na hanci ko na bayan hanci, shi kuwa da wuri a ke cin ƙarfinsa. Yaro kuma in ƙofar hancinsa guda tana fitar da ruwa mai wari, yawanci wani abu ya cusa, ƙwayar wake ko dutsen ado. Kada a sa tsinke, a kai shi asibiti.

INA ZA A JE

Likitan kunne da hanci da maƙogwaro shi ne mai wannan aiki. Akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke hanyar Zariya, wanda a ka kafa a 1988, akwai kuma a Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata. A Kaduna akwai cibiyar Gwamnatin Tarayya ta kunne da hanci da maƙogwaro, tun 1999. Wanzamanmu muna girmama su a kan sana'arsu ta gado, amma cire beli ba ya maganin borin hanci, domin beli ba shi ne ya kawo shi ba, cikin hanci kuwa ba wurin aska ba ne.

In kun je, kada kunya ta hana ku tambaya. Haƙƙinku ne, jikinku ne, kuɗinku ne. Ku riƙe tambaya biyar. Likita, ka leƙa cikin hancin da madubi, me ka gani? Wane nama za ka taɓa, nawa za ka bari? Wace wahala ce aikin zai kawar, wace ce za ta saura? Wane magani za a ci gaba da shi bayan aiki? Nawa ne kuɗin duka, da na hoto da na gado da na magani, a rubuce? Likitan kirki ba ya fushi da waɗannan. Wanda ba ya karatu ya kawo mana takardar ofis mu karanta masa, ba ko kwabo.

Mun nace a kan zancen kuɗi ne domin da yawa cikinku daga toka ku ka sake tashi bayan gobarar Maris ta 2016. Jarin da a ka haɗa da gumi irin wannan bai kamata ya tafi a kan aikin da ba a bukata ba. Haka nan kuma wanda aikin ya kama shi da gaske bai kamata rashin kuɗi ya bar shi yana kwana a zaune ba. Jihar Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya da a ka kafa bisa dokar 2016, dokar Tarayya ta 2022 kuma ta ce inshorar lafiya ta zama ta kowa. To, kowa ya haɗa da mai tebur da ɗan dako. Muna ba shugabannin layi shawara su tafi tare, su tambayi yadda 'yan kasuwa za su shiga a ƙungiyance, su kuma nemi a nuna musu a rubuce wane aikin hanci ne ke ciki, wane ne ba ya ciki.

Akwai kuma abin da ke hannunmu tun gobe da safe. A yayyafa ruwa kafin shara. A fitar da janareto daga cikin layi zuwa inda hayaƙi zai tashi sama. Mai kwance dila da mai auna hatsi su sa takunkumi. A shanya katifa da matashi a rana, a yaƙi kyankyaso a sito. Hukumar kasuwa da ta ke karɓar kuɗin rumfa da na shara, mu tuna mata da kwasar juji da yashe kwata, gama da hancinmu mu ke biyan abin da ba a kwashe ba.

Wanda ke da takardar likita a ninke cikin aljihu, ya fito da ita ya koma. Wanda ke da kwalbar ɗigawa da ta wuce mako, ya tafi da ita asibiti ya nuna. In kunne ya ji, jiki ya tsira.  Allah ya ba mu lafiya, ya ba da kasuwa, ya kai kowa gida lafiya.